Ƙarfen da Aka Ƙera Don Ya Karye

A unguwar Wambai, in ka ce kana neman Dogara mai walda, sai an ɗan yi shiru ana tunani. Ka ce Kaftin, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka da leɓe: ga shi can, rumfar kwanon da ke bakin kwalbati, inda wuta ke walƙiya tun hantsi. Kaftin ɗin nan kuwa ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne na Gurara, ranar da ya kai get wani gida a Izom ya lallaɓi direba suka ratse. Amma mutanen Suleja in sun laƙaba maka suna, ba sa tambayar ko ya dace da kai.

Shekararsa hamsin, dogo ne, idanunsa kullum jajaye saboda hasken walda, gaban rigarsa duk ƙananan hujin tartsatsi. Yawancin aikinsa ƙarfen taga ne da ƙofa da get, na masu gini a Suleja da Abuja. Wato dai yana kulle mutane a gidajensu, su biya shi, har su yi masa godiya. Kuma kowa ya shaida waldarsa ba ta saki. An taɓa yin wani mutumin Chaza da ya ɓatar da makullin shagonsa, aka kawo guduma aka yi ta dukan ƙofar da Dogara ya haɗa har rana ta take, daga ƙarshe bango aka fasa. Dogara na son a ba da wannan labarin a gabansa, ko da yake yakan sunkuyar da kai kamar bai ji ba.

Labarin da ba a cika bayarwa a gabansa ba shi ne ɗayan. Shekara ashirin da shida ke nan bai kwana ko sau ɗaya a wajen gidansu ba, alhali tun yana saurayi ransa na bakin teku.

Abin ya faro ne yana ɗan shekara ashirin, suna koyon walda a shago ɗaya da abokinsa Sebastine, wanda iyayensa mutanen kudu ne amma a Suleja aka yanke masa cibiya. Wata Juma'a da rana aka kawo wuta, mai gyaran talabijin na kusa da su ya kunna wadda ya gama gyarawa don ya gwada. Sai ga wani ƙaton jirgin ruwa mai shimfiɗaɗɗen doro, jiragen sama a jere a kansa. Ana cikin kallo, ɗaya daga cikinsu ya fizga, ya wuce goshin jirgin ruwan, ya yi sama. Dogara ya manta da sandar waldar da ke hannunsa. Bature na ta bayani, shi kuma Turancinsa a aji shida ya tsaya.

Ya zunguri Sebastine. "Me ya ce? Me ke tura su haka?"

"Ya ce katafot ne."

"Mene ne kuma katafot?"

"Danko mana. Irin wanda muke harbin tsuntsu da shi."

Sebastine bai yi ƙarya ba, a Turancin da ya sani katafot danko ne. Dogara kuwa ya ɗauki maganar da gaske, kamar yadda yake ɗaukar kowace magana. Sati uku yana bin masu faci yana roƙon tsofaffin tiyub, ya yanka su ya tufke, ya ƙera jirgi da gwangwanin man gyaɗa, ya shimfiɗa katako a kan rufin shago. Ranar gwaji rabin layin sun fito kallo. Ya ja danko har jijiyar wuyansa ta tashi, ya saki. Jirgin ya bi katakon da kyau, ya kai ƙarshe, ya sunkuyar da kai, ya faɗa cikin robar kunun zaƙin wata mata da ke zaune a ƙasa. Matar ta tsamo shi yana ɗiga, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta ce, "Wane kaftin ne ya aiko mini da wannan?" Sunan ke nan har yau.

Dariyar ba ta kashe masa gwiwa ba. Ya bi abin a hankali, daga tsofaffin mujallun da ake naɗe kusoshi da su har zuwa zamanin waya, sai da ya san shi ciki da bai. Yanzu duk wanda ya zauna a bencin shagonsa ya wuce minti goma, to ya shiga aji, ko ya shirya ko bai shirya ba.

"Ka ga jirgin sama," yakan ce, yana zane da guntun alli a kan faifan ƙarfe, "ba ya tashi sai ya yi gudu. A ƙasa ana ba shi titin da in ka bi da ƙafa sai ka gaji. A kan ruwa ina titi? Ɗan abin da zai samu bai wuce tsawon filin ƙwallo ba, daga nan sai teku. To dabara biyu aka yi. Wasu sukan ɗaga goshin jirgin ruwan ya zama tudu. Jirgin saman ya taho da ƙarfin kansa, ya hau tudun, tudun ya wurga shi sama, kafin ya fara gangarowa fukafukansa sun kama iska. Wannan babu mai tura ka, kuma ba ka ɗaukar kaya da yawa. Wasu kuma danko."

A nan masu sauraro sukan fara murmushi, shi kuma ya ɗaga yatsa.

"Ba na roba ba, na sani. Tururi ne. A ƙarƙashin doron akwai dogon bututu da fistin a ciki, wato ƙarfen da tururin ke turawa, daga sama ɗan tsaga kawai za ka gani. Sai a maƙala ƙafar gaban jirgin a ƙugiyar da ta leƙo ta tsagar, a saki tururi. Kafin ka gama bisimilla ya fi duk motar da ke hanyar Kaduna gudu. Sababbin ma yanzu da lantarki suke."

Daga nan sai ya sa hannu a aljihu ya fito da abin da duk bayanin yake nufa. Ɗan ƙarfe ne mai tsawon yatsa, kansa biyu masu kauri, ƙugunsa siriri. Shi ya yi abinsa, ya haɗa kawunan noti biyu da walda, ya goge tsakiyar da magagari har ta yi daidai da wanda ya gani a hoto.

"Kafin a harba, matuƙi zai ba injin wuta har ƙarshe. Jirgi na ruri, yana kyarma, yana son tafiya. Me ya riƙe shi? Wannan. Da shi ake ɗaure shi ta baya, a jiragen da. An auna shi daidai, ƙarfin injin kaɗai ba ya karya shi. Sai danko ya fizga, ƙarfi biyu sun haɗu, sai ya tsinke a ƙugu, jirgi ya wuce. In ya karye da wuri, jirgi ya gangara ruwa."

"In kuma ya ƙi karyewa fa?" wani yakan tambaya.

"Ba ya ƙi. Don ya karye aka ƙera shi."

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure masa kai a duniya, a ce maƙeri ya zauna ya ɓata lokacinsa a kan ƙarfen da amfaninsa duka shi ne ya saki a kan lokaci. Yakan juya shi a tafin hannu, ya mayar aljihu, ya ja gilashin walda ya rufe ido.

A daminar shekarar da ya cika ashirin da huɗu, wani kawun Sebastine da ke aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ruwa a Fatakwal ya aiko cewa ana neman masu walda biyu. Sebastine ya gargaɗe shi tun kafin ya fara mafarki: can babu jirgi mai goyon jirgin sama, tsofaffin jiragen dakon kaya ne masu tsatsa. Dogara ya ce ruwa dai ruwa ne. Ya ƙera wa kansa akwatin ƙarfe, ya shafa masa shuɗin fenti, ya jera kayansa a ciki tun saura kwana goma.

Mahaifinsa, Malam Alhassan tela, ya yi wata huɗu a kwance da tari. Gidan a lokacin na ƙasa ne, bangon baya ya tsage, kowane ruwan sama na ƙara cin gindinsa. Ban da tsohon da Inna, akwai Luba, yayar Dogara, wadda mijinta ya rasu a haɗarin mota ta dawo gida da 'ya'ya uku. Saura kwana uku tafiya, bayan la'asar, ana yayyafi, Luba na zaune a gefen kan mahaifin tana yi masa fifita, tsohon ya kamo wuyan hannun Dogara.

"Dogara," ya ce, "kada ka bar gidan nan…"

Tari ya sarƙe shi. Dogara ya fita da gudu kiran mai kemis na bakin titi. Kafin su dawo tsohon ya juya ga bango, harshe ya yi nauyi, bai kai magariba ba. Bayan sadakar uku Dogara ya sami yayarsa a madafa.

"Yaya Luba, da na fita, Baba ya ƙara cewa wani abu?"

Ta ci gaba da tura itace a murhu. "Kalmar shahada kawai."

Sebastine ya tafi shi kaɗai. Akwatin ya koma ƙarƙashin gado.

Mutane sun yi ƙoƙarinsu. Wani malami ya ce masa wasiyyar uba na da nauyi, amma ba a ce mutum ya kafa kansa da ƙusa ba, ya je ya dawo ai bai bar gida ba. Dogara ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya tashi da fahimtarsa yadda ya zo da ita. An ce kada ya bar gidan, magana ta ƙare. In aiki ya kai shi Abuja, yana aiki kansa na ƙirga awannin komawa, rana na karkata ƙirjinsa zai fara matsewa, sai ya tattara waya ya nufi tasha ko da saura ƙofa ɗaya a ɗaura. An taɓa ba shi aikin wata uku a Minna da ɗakin kwana, ya ƙi. Ranar da aka kai babbar 'yarsa ɗakinta a Zariya ya tafi da asuba ya dawo a ranar, dangin ango suna ta mamakin wane irin suruki ne wannan da ko tuwon dare ba ya tsayawa ci.

A gidan ya yi aure, ya kawo matarsa Mardiyya, a nan suka haifi huɗu. A nan 'ya'yan Luba suka girma suka watse, a nan Inna ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Bangon ƙasar nan kuwa ya yi ta rushe shi kaɗan-kaɗan yana mayarwa da bulo, bana ɗaki, baɗi katanga. Ba ya ƙin gidan. Amma akwai ranakun da yake ɗaura ƙarfen taga a gidan wani, ya tsaya ta ciki yana duban waje ta tsakanin sandunan, sai ya ji haushin mahaifinsa ya taso masa har wuya. Yakan yi istigfari, ya kai sadaka masallaci, haushin ya kwanta ya jira wata ranar.

Sebastine bai daina kira ba. Duk shekara biyu ko uku sai ya ce ga gurbi ya samu, Dogara ya ce a bar shi tukuna.

Kiran ƙarshe ya zo ne wata Juma'a a daminar bana, bayan an sauko daga masallaci. Dogara na tsakar gida yana duba filastar da aka yi wa guntun bangon baya, wanda shi kaɗai ya rage na ƙasa sai wannan watan. Kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar inji, don haka kullum a lasifika yake amsa waya. Luba, wadda yanzu furfura ta cinye mata kai, tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa.

"Kaftin, ka saurare ni da kyau," in ji Sebastine. "Ƙarshen watan nan zan yi ritaya. Suna neman wanda zai riƙe masu walda, na ba su sunanka, na rantse musu babu hannu irin naka. Ranar Talata da safe suke son ganinka. Abeg, kada ka ce mini a bar ka tukuna. In na tafi babu wanda ya san ka a nan. Wannan shi ne last."

"Seba, ka san halin da nake ciki."

"Wane hali? Inna ta rasu, yara sun girma. Wa kake gadi?"

Dogara ya ce, "Allah ya saka da alheri. Ka ba wani."

"Ba zan ba kowa ba sai Talata ta wuce."

Da wayar ta katse, ya tsaya a gaban bangon ya fi minti biyar. Ya ciro ɗan ƙarfen nan, ya dube shi, ya mayar. Bai lura ba cewa hannun Luba ya daina motsi a cikin faifai.

Washegari da safe yana shan koko zai fita shago, ta fito ta zauna nesa da shi kaɗan, ta dubi bangon, ta yi magana kamar da bangon take.

"To, alhamdu lillahi, ka cika wa Baba wasiyyarsa. Ya ce kada ka bar gidan nan ya faɗi, ga shi bai faɗi ba."

Dogara ya kai ludayi baki, ya tsaya. Ya mayar da shi cikin kwano.

"Me kika ce, Yaya?"

"Abin da ka ji."

"Ya faɗi?"

"Ya faɗi." Da ganin yadda take jero maganar ka san ta kwana tana shirya ta. "Da ka fita, tarin ya lafa, ya ƙarasa. Bai ma san ka fita ba, idonsa a rufe. Ya ce kada ka bar gidan nan ya faɗi, in ka isa can ka riƙa aikowa a gyara bangon baya. Ya ce Allah ya tsare hanya. Sannan ya yi shahada."

Kaji na ta tono a gindin sabon bangon.

"Shekara ashirin da shida, Yaya Luba."

"Na ƙirga su, na fi ka ƙirga su. Ina da 'ya'ya uku, Inna ko bokiti ba ta iya ɗagawa, bango na zubowa a kanmu. Na ji tsoro. Na ce bari a yi arba'in in gaya maka. Arba'in ta wuce, na ce bari damina ta wuce. Daga nan kunya ta kama ni, kullum tana ƙara girma, har ta fi ƙarfin bakina. Jiya da na ji ka ce a ba wani, na san in na sake yin shiru da shi za a binne ni."

Bai daka mata tsawa ba, ko da yake ya so. Ya tashi ya bar kokon, ya je shago ya zauna a benci bai tayar da janareta ba. Ya ji haushinta irin wanda bai taɓa ji wa ɗan Adam ba. Ya ji kunyar mahaifinsa, mutumin da ya sa masa albarkar tafiya da numfashinsa na ƙarshe, shi kuwa ya shekara ashirin da shida yana ƙullace da shi. Can wajen azahar wani abu dabam ya shigo, mai kama da murna, har sai da ya tsorata shi.

Mardiyya ba ta ja maganar ba. Ta jawo akwatin da kanta daga ƙarƙashin gado, ta goge shi da tsumma. "Ka je, Baban yara," ta ce. "Ka ga ruwan nan da idonka. Mu ma mu huta da labarin danko."

Ranar Litinin da sassafe, yana ɗauke da akwatin, ya tarar da Luba a zaure. Ta miƙa masa ƙullin dambun nama ba tare da ta ɗaga ido ba.

"Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ya ce. Bai tabbata ya yafe ba, amma ya karɓi ƙullin.

Bas ɗin Fatakwal ta cika da wuri, bakwai da rabi suna kan hanya. Aka wuce Zuba, aka wuce Gwagwalada, nan duk ya sani. Daga Abaji ƙasa ta zama baƙuwa. Ya zauna a bakin taga, gwiwoyinsa na dukan kujerar gaba, yana jin kansa sakayau kamar wanda aka sauke wa buhu. Wajen sha ɗaya motar ta hau wata doguwar gada, sai ga kogin Kwara ya cika ya batse, ruwa ja har inda ido ya tsaya, kwalekwale biyu can tsakiya ƙanana ƙwarai. Dogara ya manna goshi da gilashi. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, don dama kowa ya saba ganin idon mai walda na ruwa.

A Lakwaja direba ya tsaya a ci abinci, ya kuma ba da taya ɗaya a duba. Dogara ya ci dambunsa, ya jira azahar, ya yi salla a wata 'yar rumfa. Yana sallamewa, kansa ya yi abin da ya saba ba tare da an sa shi ba: ƙarfe ɗaya da rabi, awa huɗu zuwa gida, in an tashi yanzu za a riski magariba a Wambai.

Ya yi wa kansa dariya. Ya maimaita maganar a ransa, cikakkiya. Kada ka bar gidan nan ya faɗi. Allah ya tsare hanya. Ya sake maimaitawa a fili, a hankali. Ƙirjinsa bai saurara ba, ya fara matsewa yadda yake yi a Abuja in rana ta karkata. Ya yi ƙoƙarin hango kansa yau da dare a wani ɗaki a Fatakwal, ya kasa ganin komai, ko ta ina ƙofar take, ko ina gabas. Abin da yake gani kawai zauren gidansu ne, da sakatar da shi yake turawa kowane dare tun yana da ashirin da huɗu. Tsoro ne tsagwaronsa, kuma ya san babu dalili, sanin bai rage komai ba.

Fasinjoji suka fara komawa mota. Mai faci ya gama da tayar, ya ajiye gudumarsa a ƙasa. Dogara ya matsa kusa da shi.

"Malam, ara mini gudumar nan minti ɗaya."

Ya ciro ɗan ƙarfen, ya gitta shi a kan gefen wani dutse, ƙugun a sarari. A ransa ya ce in ya karye ya shiga mota. Ya san wauta ce, namiji mai shekara hamsin da jikoki, amma ya ɗaga guduma ya sauke. Ƙarfen ya yi tsalle ya dawo lafiya lau. Ya sake, da ƙarfi. Ya ɗan lanƙwashe. A na uku ya sa duk abin da yake da shi, har da haushin Luba, har da na kansa. Dutsen ne ya rabe biyu.

Mai faci ya ɗauki ƙarfen, ya juya shi, ya duba ƙugun inda aka haɗa, ya gyaɗa kai.

"Wanda ya yi waldar nan ya iya aiki," ya ce, ya miƙa masa.

Direba na ta danna oda. "Oga, enter make we go, rana na tafiya."

Dogara ya je har bakin ƙofar, ya ɗora ƙafa ɗaya. Mutum goma sha bakwai na dubansa. Babu wanda ya riƙe masa riga, ya ma waiwaya ya duba. Ya sauke ƙafar.

"Direba, a sauke mini akwatina. Shuɗin nan na ƙarfe."

Ya tsallaka titi ya shiga motar Zuba. Da suka sake hawa gadar bai dubi ruwan ba. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, sunan Sebastine na fitowa yana ɓacewa, har ta gaji.

Ana shirin kiran magariba ya shigo Wambai. Masu zama a bakin kwalbati suka ga Kaftin da akwati a ka, kuma abin mamaki, ba wanda ya tsokane shi. Luba na tsakar gida tana jera kwanonin tuwo, ta riga ta ware nasa ta kife a kan randa. Akwatin ta fara gani ya shigo ta zaure, sannan shi. Ta dafa ƙasa ta zauna.

"Dogara, ai na gaya maka sauran maganar."

"Na ji, Yaya."

"Duka na gaya maka. Wallahi ban rage komai ba."

"Na sani."

"To me ya dawo da kai?"

Ya sauke akwatin, ya sa hannu a aljihu. Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke cikin aljihu, sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska ta fashe da kuka, irin wanda ko ranar rasuwar Baba ba ta yi ba. Mardiyya ta fito daga madafa, ta je ta ɗauko kwanon da aka kife.

Dogara ya shiga ɗaki ya durƙusa a gaban gado. Ko share wurin ba a kai ga yi ba, shatin akwatin na nan a kan siminti da kusurwoyinsa huɗu. Ya tura shi a hankali har ya zauna daidai, sannan ya fito ya ɗauki buta.